Baffa, Ba Ni Kaɗai Na Sayi Kulob Ɗin Ba

Baffa, Allah ya ƙara girma. Saƙonku ya iso, na saurare shi har ƙarshe, har da dariyar da yaran gida suke yi a bayanku. Wai labari ya bazu a cikin dangi na sayi kulob ɗin ƙwallo a Turai. Kun aika a tambayo yaran gidan kallo na unguwa, aka rasa wanda ya taɓa jin sunan Stirling Albion, kulob ɗin garin Stirling da nake zaune a Sikotland. Shi ne kuke tambaya: mutum ya tsallaka har Birtaniya, ƙasar Arsenal da Manchester United, ya rasa abin bi sai wannan? Kuma haka duk Hausawan can suke yi, ko ni kaɗai abin ya taɓa?

A'a, ba duka ba. Mu Hausawan tsakiyar Sikotland ba mu da yawa. Ɗalibai ne, da likitoci, da ma'aikatan jinya, da masu kula da tsofaffi, sai irinmu da zama ya miƙe da su har suka tara iyali. Suna da Sallah da rasuwa ke haɗa mu, galibi a Gilasgo, kuma in aka ɗauko hirar ƙwallo bayan an ci tuwo, wannan Chelsea, wancan Madrid, gardamar dai ita ce wadda kuka sani. Wanda ya zo karatun shekara ɗaya ba ruwansa da kulob ɗin gari, ban kuma ga laifinsa ba. Masu 'ya'ya a makarantun nan su abin ke kamawa.

A ƙasar nan, in yaro ya tambayi ɗan'uwansa wane kulob yake so, tambayar tana da ciki. Manyan kulob biyu na Gilasgo su ne Celtic da Rangers. Celtic, Katolika 'yan ci-rani daga Ailan ne suka kafa ta a 1887. Rangers kuwa ta daɗe a matsayin ta 'yan Furotestan masu kishin sarautar Birtaniya. Gabar ta yi sanyi a kan da, amma tana nan da ranta. Abu na farko da muke gaya wa baƙon da ya sauka daga gida shi ne kada ya ga rigar ɗayansu ta yi masa kyau a shagon gwanjo ya saya, ya saka, ya shiga jirgin ƙasa ranar da suke wasa da juna. Yaronmu Musulmi ne, Bahaushe, bai ci nanin ba, don me nanin za ta ci shi? In ya ce shi Albion yake so, sai a yi masa dariya a ce Allah sarki, a wuce wurin. Wannan dariyar ta fi mana kwanciyar hankali. Da haka yawancinmu muka fara leƙa ƙananan filaye, wasu Alloa, wasu Falkirk, wasu Dumbarton, gwargwadon inda Allah ya ajiye mutum.

Lig ɗin Sikotland kulob 42 ne, hawa huɗu: 12 a sama, sai goma-goma a sauran ukun. Tun da Aberdeen ta Alex Ferguson ta ɗauki kofin a 1985, aka shekara 40 ba wanda ya taɓa shi sai Celtic da Rangers. Kowace Asabar motoci na kwasar mutane daga kowane gari zuwa Gilasgo, har da namu. Waɗanda suka rage su ne mu. Stirling gari ne da mutanensa ba su wuce dubu 50 ba, ana zuwa ganin ganuwarsa da ke kan dutse da wuraren da aka gwabza da Ingila a 1297 da 1314. Ba a zuwa don ƙwallo.

Kafin Albion akwai wani kulob a garin, King's Park, tun 1875. A watan Yulin 1940, ana cikin yaƙin Hitila, jirgin Jamus ya saki bam da dare ya faɗa kan filinsu na Forthbank. Garin bai sha bama-bamai ba a yaƙin duka, amma cikin ɗan abin da ya sauka sai da ɗaya ya samu filin ƙwallo. King's Park ba ta sake miƙewa ba. Da yaƙi ya ƙare a 1945, wani ɗan kasuwar kwal mai suna Tom Fergusson, wanda yana cikin shugabannin tsohon kulob ɗin, ya ce gari ba ya zama ba ƙwallo. Ya sayi wani gandu da ake kira Annfield kusa da tsakiyar gari, da tsohon gidan masu hali a cikinsa, aka share fili, gidan ya zama ofis da ɗakin canja kaya. Tsofaffi suna ba da labarin cewa kafin a gina rumfa, motocin kwal ɗinsa aka jera a gefen fili, manyan baƙi suka hau baya suka zauna. Filin ma a karkace yake, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. Shi Fergusson shi ne mai kuɗin, shi ne kuma ya yi shekaru yana riƙe da 'yan wasan da kansa.

Ba su daɗe ba suka hau rukunin sama, daga nan kuma sai hawa da sauka. Sun ci kofin rukuni na biyu a 1953, da 1958, da 1961, da 1965, kun ga kenan duk hawan da suka yi sai da suka sake gangarowa. A 1959 mutum 26,400 suka cika Annfield don wasan kofi da Celtic. A 1966, shekarar da Ingila ta ɗauki kofin duniya, Albion ta tafi Japan, ta zama kulob na farko daga Birtaniya da ya buga wasa a can. Mutanen nan ba sa son a tuna musu da nasarar Ingila ta 1966, don haka in shekarar ta shigo hira sai su kawo maganar Japan. Rabonsu da rukunin sama tun 1968.

Akwai wani dattijo da muke zama layi ɗaya da shi, tsohon direban bas ne, kullum da bargo a cinya da ɗan filas ɗin shayi. Shi ya ba ni labarin 1981. Daga ƙarshen Janairu kulob ɗin ya daina cin ƙwallo a lig. Ba cin wasa nake nufi ba, Baffa, zura ƙwallo a raga. Aka buga wasanni fiye da goma har kaka ta ƙare, aka gangara rukunin ƙasa, aka yi hutu, sai a sabuwar kaka aka sake ganin raga ta motsa. Na ce masa to me kuke zuwa yi? Ya dube ni da mamaki ya ce ai Asabar ce. Shekara uku bayan haka, ranar 8 ga Disambar 1984, aka haɗa su da wani ƙaramin kulob, Selkirk, a gasar kofin ƙasa, suka ci 20 da nema. Davie Thompson shi kaɗai ya ci 7. A duk ƙarni na 20 ba a yi irin wannan ci ba a manyan gasannin Birtaniya. Waɗanda suka shiga kallo ba su kai 400 ba, amma yau in mutum ya zaga garin, duk mai furfura sai ya ce yana wurin. Dattijon nawa ya ce shi sanyi ne ya fi damunsa a ranar, kuma tun daga ci na goma ya fara jin tausayin golan Selkirk.

A tsakanin nan ne gidan ya fita daga hannunsu. Bashi ya sa suka sayar wa hukumar gari Annfield a 1981, suka koma 'yan haya a filin da Fergusson ya saya. A 1987 aka shimfiɗa ciyawar roba, irinta ta farko a lig ɗin Sikotland, don a riƙa ba da haya a samu kuɗi. Sai ga wata matsala: a wasannin kofi baƙi suna da ikon ƙin bugawa a kanta, suka kuwa riƙa ƙi, Albion ta dinga kai wasanninta na gida filayen wasu. A 1992 aka bar Annfield, aka yi kaka ɗaya ana raɓe a filin Stenhousemuir, a 1993 aka tare a sabon fili da hukuma ta gina a bakin gari kusa da kogin Forth, aka maida masa sunan Forthbank. Yana cin mutum 3,808. Annfield gidaje aka gina a kanta, tsohon gidan kuma ya zama wurin kula da tsofaffi.

Yanzu ga maganar sayen kulob. Shekaru da dama wani attajiri, Peter McKenzie, shi ke ɗauke da Albion daga aljihunsa. Ya tsufa, ya haura 80, ya ce ya gaji. Hukumar haraji na neman a rufe kulob ɗin saboda bashi, hukumar gari na neman kuɗin haya. A 2009 magoya baya suka fito da yekuwa cewa kowa ya kawo fam 40 ya zama memba, a tara a saya. Aka yi ta yi da su, ana cewa ina talaka ina riƙe kulob. Suka shekara suna roƙo da tara-tara, shi kuma dattijon ya yafe bashin da yake bin kulob ɗin, a watan Yulin 2010 ciniki ya faɗa. Albion ta zama kulob na farko a lig ɗin Sikotland da magoya baya suka mallake shi gaba ɗaya. Ni ban riga na tare a garin ba a lokacin. Abin da na yi daga baya shi ne na shiga ƙungiyar magoya bayan, ina biyan kuɗin shekara, ina da ƙuri'a ɗaya, daidai da ta direban bas, daidai da ta wanda ya fi mu kuɗi duka. Iyakar sayen kenan. A gaya wa su Gwaggo kada a fara lissafin rabo.

Labarin da suka fi so su bayar ya faru ne bayan nan. A 2012 kamfanin Rangers ya karye saboda bashi, aka maida su can rukuni na huɗu, inda muke. Ranar 6 ga Oktoba suka zo Forthbank da 'yan wasa masu albashin da ya fi kasafin kulob ɗinmu, mu kuma muna ƙasan teburi. Brian Allison ya ci tun farkon wasa, aka tare gida har aka tashi 1 da nema. Kocinmu, Greig McDonald, bai ma halarta ba, don ranar ce ɗaurin aurensa, kuma an sa ranar tun kafin kowa ya yi mafarkin Rangers za ta zo rukuninmu.

'Yan wasan ba ƙwallo kaɗai ce sana'arsu ba. Akwai mai aikin gini, da malamin makaranta, da ɗalibi, da yaron da babban kulob ya ba da aro. Dare biyu a mako suke atisaye bayan an tashi aiki. Wani lokaci kuma akan yi karo da wanda ya taɓa shan ɗaukaka yana ƙarasa zamaninsa. Efe Ambrose na Kaduna, wanda ya buga wa Celtic da Super Eagles, a kakar 2023 zuwa 2024 yana Queen of the South, rukuni ɗaya da mu.

Na san abin da ya fi damunku ba teburin lig ba ne, ina muke kai jikokinku ne. Wasa ƙarfe uku na yammacin Asabar ake fara shi. Da safe Islamiyya, ba a ɗaga ta don ƙwallo, wannan mun yi ittifaƙi a kai. A watan Disamba rana kan faɗi wajen huɗu saura kwata a nan, saboda haka mukan yi Azahar da La'asar kowacce a lokacinta kafin mu fita, Magariba kuma ta faɗo daidai hutun rabin lokaci. Alwala daga gida ake riƙo ta, don ruwan famfon filin ba na taɓawa ba ne a wannan sanyi. Mukan fita bayan rumfa mu shimfiɗa rigar ruwa a kan siminti, ko mu ƙarasa wurin mota da an tashi. Masu gadin ƙofa sun saba, ba sa ko waiwaye. Giya ba a sayar da ita ga 'yan kallo a cikin fili, doka ta hana tun 1980, bayan tarzomar da magoya bayan Celtic da Rangers suka yi a wasan ƙarshe na kofi a filin Hampden na Gilasgo. Masu sha a mashaya suke shawo abarsu kafin su zo, sai 'yan ɗakin manyan baƙi da dokar ta ware. Zagi kam akwai shi, musamman a kan alƙalin wasa, kuma a ƙaramin fili kowace kalma ana jin ta. Muna zama ɓangaren masu iyali, abin da ya shiga kunnen yara kuma a wanke shi a mota.

Abin ci a filin wani ɗan mit-fai ne mai zafi da romon Bovril a kofi. Naman ba yankan Musulmi ba ne, don haka namu mai taliya da cuku muke saya, ko uwar gida ta cika filas da kunun gyaɗa. Dattijon nan ya ɗanɗana sau ɗaya, yanzu da ya gan mu filas ɗin yake fara duba. Akwai kuma tikitin sa'a da ake zagawa da shi lokacin hutu, rabi ga wanda ya ci, rabi ga kulob. Caca ce, ba ma saya. Sai dai mun lura ƙin sayen yana kama da rowa a idonsu, tunda da irin wannan kuɗin ake biyan wuta da wankin riguna. Saboda haka mukan jefa namu a bokitin gudummawa kai tsaye, a gaban mai zagawar. Maganar fata, ba zan ce babu ba. Na taɓa jin wata muguwar kalma a wani filin da muka je baƙunci. Amma inda 'yan kallo ɗaruruwa ne kawai, mai faɗa ba shi da wurin ɓuya, an san shi, an san uwarsa.

Wata al'adarsu da na ɗauka da daraja ita ce ta rasuwa. In tsohon mai goyon baya ya mutu, ko matar da ta shekara da shekaru tana dafa shayi, akan sanar a lasifika, a miƙe a yi shiru na minti ɗaya ko a yi tafi, har da baƙin da suka zo. Iyalin suna tsaye a rumfa suna gani. Mutanen nan ba su da zaman makoki irin namu, maƙwabci na iya mutuwa sai bayan mako ka ji. A filin ƙwallo ne na ga inda suka ajiye ta'aziyyarsu ta gari. Mu ma a nan muka san mai gyaran famfo, da malamar ajin yaro, da ɗan majalisar unguwa, ba a matsayin baƙo da ɗan gari ba, a matsayin mutane biyu da gola ɗaya ya ɓata wa rai. Kulob a wurinsu gidan gado ne, Baffa. Ba wanda ke tambayar ko shi ya fi kyau a unguwa kafin ya ce nasu ne, kuma in ya yi yoyo kowa ya san da shi za a yi yaɓe.

Amma kada na yi muku zaƙin baki. Mallakar magoya baya ba ta kawo kuɗi ba, ta dai hana wani ya wayi gari ya sayar da mu. Kakar farko bayan sayen gangarowa aka yi, ta biye ma aka sake gangarowa. In wani attajiri ya zuba kuɗi a kulob ɗin ƙauyen da ke kusa, sai ya kwashe mana 'yan wasa muna kallo. Taron membobi kuwa, in kun ga taron ƙungiyar unguwa da aka yi baram-baram a kan kuɗin kwata, to kun gan shi: masu murabus, masu zargi, masu cewa a nemo mai kuɗi a huta. A 2023 aka ci kofin rukuni na huɗu ƙarƙashin Darren Young, aka yi murna, a 2024 Dumbarton ta maido mu inda muka fito. Kuma yanzu ƙasan ma tana da rami. Tun kakar 2014 zuwa 2015, wanda ya zo na ƙarshe a rukuni na huɗu sai ya kare kujerarsa da zakaran ƙananan lig-lig. Maƙwabtanmu East Stirlingshire, inda Alex Ferguson ya fara koci a 1974, sun faɗa a 2016. Berwick Rangers ta bi su a 2019, Brechin City a 2021, Cowdenbeath a 2022, Albion Rovers, wata Albion daban ba tamu ba, a 2023. Duk kulob ne masu shekaru sama da 100. Ni dai duk da haka in aka sa ƙuri'a gobe a kan a miƙa wa mai kuɗi, a'a zan ce, don na ga yadda ake yi da waɗanda mai kuɗinsu ya gaji.

Ku kun fi ni sanin wannan. Kun ga Raccah Rovers ta Kano da idonku, kun ga ta ɗauki kofin lig ɗin Najeriya a 1978, kun kuma ga yadda ta ɓace, ba a tambayi masu cika mata fili ba. Pillars ta gwamnati ce tun da aka kafa ta a 1990, albashin 'yan wasa yana jiran sa hannun wani a ofis. Amma da ta gangara a 2022, Kanawa ba su gudu ba, suka bi ta har ta dawo. Wannan halin ai shi ne na dattijon bas ɗin nan. Abin da mutanen Stirling suka fi mu shi ne takarda: rajistar membobi, da kuɗin shekara, da lissafin da ake karantawa a bainar jama'a, da ikon tsige shugaba. Ban ce a Kano za a iya tara kuɗi a sayi Pillars ba, nauyinta ya wuce nan. Amma kulob-kulob ɗin unguwa da ke bugawa a filayen makarantu, waɗanda alhaji ɗaya ke saya wa riga har ranar da ya gaji, su babu abin da zai hana.

A cikinmu ma akwai masu ganin ɓata lokaci ne, wani abokina likita ya ce da ya biya kuɗi ya sha sanyi ya ga an ci shi, gara ya zauna a falo ya ga an ci Arsenal a cikin ɗumi. Ba mu gama wannan gardamar ba.

In za a samu mai tahowa, babban jikanku ya ce rigar Pillars yake so, kore da rawaya, a ɗauko wadda ta ɗan fi ƙarfinsa don a kan rigar sanyi zai ɗora ta. A gaishe da Gwaggo da mutanen gida duka.